Dalilan Da Ke Sa Magidanta Karɓa Ko Ƙin Rigakafi A Fakku Da Kewayenta

Fakku gari ne a ƙaramar hukumar Kebbe, can kudancin Jihar Sakkwato, a yankin da ƙasar Sakkwato ta yi iyaka da Zamfara da Kebbi. Mutanensa manoma ne da makiyaya, kamar maƙwabtansu na Kuchi da Sangi da Ungushi da Margai. Duk wanda ya ratsa irin waɗannan garuruwa bayan an kammala zagayen rigakafin shan-inna, zai ga rubutun alli a jikin katanga ko ƙyauren gidaje. Rubutun nan na ma'aikatan rigakafi ne, shi ke nuna ranar da suka zo, da yawan yaran gidan waɗanda ba su kai shekara 5 ba, da nawa aka ɗiga wa magani, da kuma ko sai an sake dawowa. A cikin gidajen da akan sake komawa, akwai waɗanda aka tarar yaran sun bi iyaye gona ko kasuwa ko gidan biki. Akwai kuma waɗanda maigida ya tsaya a zaure ya ce bai yarda ba.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Binciken da aka gudanar a ƙasa baki ɗaya a 2016 da 2017 ya nuna cewa yara 3 kacal cikin 100 a Jihar Sakkwato suka sami allura ta uku ta rigakafin nan mai haɗe da cututtuka biyar, wato mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙewar haƙora, da ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai kawo ciwon huhu da sanƙarau. Wani babban binciken lafiya na 2018 ya sami yara 5 cikin 100 a Sakkwato da suka kammala muhimman rigakafinsu, alhali a Jihar Anambra 76 ne, a ƙasa baki ɗaya kuwa 31. Babu jihar da ta kasa Sakkwato a wannan lissafi. Ma'anar waɗannan alƙaluma a ƙauye ita ce, duk sa'ad da ƙyanda ta shigo da bazara, za ta tarar da yawancin yaran unguwa a buɗe.

Amsar da ta fi sauƙin fita daga bakin ma'aikacin ofis ita ce jahilci. Wannan amsa tana hutar da mai faɗinta, amma ba ta bayyana kome. Bahaushe bai taɓa zama baƙon rigakafi ba. Shi ne ma ya ce rigakafi ya fi magani. Tun ranar da aka haifi jariri ake nema masa tsari: a yi masa rubutu, a ɗaura masa laya, ungozoma ta jiƙa masa sassaƙe, wanzami ya zo ya yi nasa aikin. Dattawan da suka haura shekara 60 kuwa da yawansu suna ɗauke da tabon lamba a dantse, wadda aka yi musu a lokacin yaƙi da agana. Wannan yaƙi ya yi nasara, domin tun 1970 ba a sake ganin agana a Nijeriya ba, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar an kawar da ita daga duniya. Saboda haka mutumin da ya hana a ɗiga wa ɗansa magani ba ƙin tsare ɗansa yake yi ba. A ganinsa tsare shi ɗin yake yi. Abin da ya kamata a bincika shi ne yadda zuciyarsa ta kai ga wannan lissafi.

Ciwon Da Ake Gani Da Wanda Ba A Gani

Abin da ya faru a 2017 ya isa misali. Annobar sanƙarau da ta ɓarke a Zamfara tun ƙarshen 2016 ta bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja. Kafin ta lafa an lissafa mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 kuma suka rasu. Kebbe tana cikin ƙananan hukumomin da Kwamishinan Lafiya na Sakkwato na lokacin, Dokta Balarabe Shehu Kakale, ya ambata cewa an yi rashe-rashe. A wannan karo abin da aka yi ta kuka da shi shi ne ƙarancin allurar. Kashin farko da aka samu, allura 500,000, Zamfara da Katsina aka kai, sauran jihohi suka yi jira. Inda aka kafa tebur kuwa, jama'a da kansu suka yi layi a cikin zafin rana, manya da yara.

To, me ya bambanta sanƙarau da shan-inna a zuciyar magidanci ɗaya? Sanƙarau yakan kama saurayi lafiyayye da safe, wuyansa ya sandare, kafin kwana biyu an kai shi makwanci, kowa a unguwa ya je jana'iza. Shan-inna kuwa yawancin yaran da ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa nuna wata alama. Wajen ɗaya cikin 200 ne take shanye wa gaɓa. Mutum zai iya shekara goma bai ga sabon kamu a garinsu ba. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa mutum ba da ƙididdiga yake auna haɗari ba, da abin da ya fi saurin faɗo masa a rai yake aunawa, wato abin da ya gani jiya, ko wanda ya sami ɗan maƙwabci. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya yi nazarin ɗari-ɗari da rigakafi a 2014 ya sa wannan sakankancewa cikin manyan dalilai uku, tare da rashin amincewa da kuma wahalar samun rigakafin. Abin takaicin shi ne, gwargwadon yadda rigakafi ya yi aiki, gwargwadon yadda ciwon zai ɓace daga ido, gwargwadon kuma yadda mutane za su daina ganin amfaninsa.

Sunan ciwon ma yana da nasa tasiri. A fahimtar gargajiya, Inna ce, wato wata aljana, ta sha ƙafar yaron, shi ya sa ake ce masa shan-inna. Wata masaniya Ba'amurkiya, Elisha Renne, wadda ta yi bincike a Zariya ta kuma wallafa littafi a kan siyasar shan-inna a 2010, ta yi bayanin wannan fahimta. Wanda ya ɗauka ciwo na iska ne, wajen malami ko boka zai nufa, ba zai ga yadda ɗigo biyu daga kwalba za su kori aljana ba. Haka ita ma ƙyanda, wadda ake sakaya sunanta a ce baƙon dauro, tsofaffi da yawa sun ɗauke ta baƙon da ba makawa sai ya sauka a gidan kowane yaro, abin da ake buƙata kawai shi ne ta fito sosai, kada ta koma ciki.

Tambayar Da Ake Yi A Zaure

Akwai wata tambaya da duk wanda ya taɓa aikin rigakafi a Arewa ya sha ji, kusan da kalmomi iri ɗaya daga Sakkwato har Borno. Maigida zai ce, ga ɗansa nan kwance da zazzaɓi, in ya kai shi asibiti sai ya sayi kati, ya sayi magani, wani lokaci ma ya tarar babu ma'aikaci. To, me ya sa wannan magani ɗaya tak ake biyo shi da shi har gida, kyauta, sau da yawa a shekara, a kan ciwon da bai ce yana damunsa ba? Wannan tambaya ce ta mai hankali. Mutumin da ya saba hukuma ba ta zuwa wurinsa sai da haraji ko neman ƙuri'a, dole ya tsaya ya yi tunani in ta zo da kyauta tana naci. Ruwa ba ya tsami banza.

Zargin kuwa yana da tarihi. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fito da manufar ƙayyade yawan jama'a, wadda ta ba da shawarar kada mace ta wuce 'ya'ya 4. Wannan ya zo daidai lokacin da Ministan Lafiya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, yake matsa ƙaimi wajen rigakafin yara, kuma sau da yawa ɗakin shan magani ɗaya ke yin ayyukan biyu. A zukatan mutane da yawa sai abubuwan biyu suka haɗe. Sai kuma 1996, shekarar babbar annobar sanƙarau wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya. A tsakiyarta kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa ciwon ne ya kashe su, iyaye kuwa suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. An yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan magani ne na warkarwa, ba rigakafi ba, amma wannan bambanci bai isa ƙauye ba. Abin da ya isa shi ne cewa Turawa sun zo da magani kyauta, yara sun mutu.

A kan wannan turba aka shiga 2003. Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a Nijeriya, ƙarƙashin shugabancin Dokta Ibrahim Datti Ahmed, wanda shi kansa likita ne, ta yi zargin cewa an gurɓata maganin shan-inna da sinadarin hana haihuwa. Shekarar nan ce Amurka ta mamaye Iraƙi, kuma kowane mai rediyo a Arewa yana jin labarin safe da yamma. Wasu jihohi suka dakatar da rigakafin. Kano ce ta fi daɗewa, ba ta komo ba sai Yulin 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma samo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Kafin ƙura ta lafa, ƙwayar cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita. An daɗe da kashe maganar a hukumance, amma jita-jita ta fi gyaranta saurin tafiya, ta kuma fi shi tsawon rai. Yaran da aka ɗiga wa magani a wancan lokaci yau su ne iyaye, ga 'ya'yansu nan a tsakar gida, kuma wannan hujja ce da ido ke gani. Duk da haka ana samun mai maimaita zargin.

Bai kamata a ɗauka wannan hali na mutanen Arewa ne kaɗai ba. A Ingila, wani likita mai suna Andrew Wakefield ya wallafa a 1998 cewa allurar ƙyanda tana da alaƙa da wata larurar ƙwaƙwalwa ta yara. An gano binciken ba na gaskiya ba ne, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisinsa, amma har yau akwai iyaye masu digiri a Turai da Amurka da ke hana 'ya'yansu allurar saboda shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ɗari-ɗari da rigakafi cikin barazana 10 ga lafiyar duniya.

Tsoron Zama Sanadi

Akwai wani dalili da ya fi duk waɗannan ɓoyewa, domin ba a cika faɗinsa da baki ba. Masana biyu, Ilana Ritov da Jonathan Baron, sun nuna a wani bincike na 1990 cewa iyaye sukan fi tsoron cutar da za ta sami yaro ta dalilin abin da suka aikata, fiye da wadda za ta same shi ta dalilin abin da suka bari, ko da ta biyun ta fi girma nesa ba kusa ba. Ba sai an je jami'a ba kafin a gane wannan. In ƙyanda ta kashe yaro, za a zo gaisuwa a ce Allah ya yi, kwanansa ya ƙare, babu mai nuna uwa da yatsa. In kuwa ita ce ta goya shi ta kai shi aka yi masa allura, ya kwana da zazzaɓi yana kuka, cinyarsa ta kumbura, to, maigida zai tambaya, uwar miji za ta tambaya, kishiya ma tana kallo. Zazzaɓin nan na kwana ɗaya ko biyu abu ne sananne bayan allurar cututtuka biyar, yana kuma wucewa da kansa ko da ɗan maganin zazzaɓi. Amma in ma'aikaciya ba ta tsaya ta gaya wa uwar tun da wuri ba, sai ta ɗauka allurar ce ta sa wa ɗanta lafiyayye ciwo. Da yawa daga yaran da suka karɓi allura ta farko ba su komo ta biyu ba, a wannan dare aka rasa su.

Wannan ya kai ga batun wanda ke da ikon cewa i ko a'a. Yawancin faɗakarwa mata ake yi wa, a wajen awo ko a gidan suna, alhali izinin fita da kuɗin babur suna hannun miji. Mace tana iya gamsuwa ƙwarai, amma ba za ta sayar da zaman aurenta a kan kati ba. In haihuwar fari ce kuwa, ga kunya, domin ba a son a ga yarinya tana rawar jiki a kan ɗan fari, sai al'amarinsa ya koma hannun kaka, ita kuma kaka ta raini nata 'ya'yan ba tare da kati ba. Jadawalin kansa yana cin karo da al'ada: ana son a yi wa jariri allurar tarin fuka da ta ciwon hanta a ɗiga masa na shan-inna da zarar an haife shi, amma yawancin matan karkarar Sakkwato a gida suke haihuwa, kuma maijego ba ta fita sai ta yi arba'in. Sauran alluran suna zuwa a mako na 6, da na 10, da na 14, sannan ta ƙyanda a wata na 9. Tafiya biyar ke nan aƙalla, kowacce da neman izininta.

A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya da ba ta yi wa ma'aikatar lafiya daɗi. Yawancin yaran da ba su sami rigakafi ba, ba 'ya'yan masu ƙi ba ne. 'Ya'yan waɗanda suka gaji ne. Allurar ƙyanda da ta tarin fuka a kwalba mai ɗaukar yara da yawa suke zuwa, in an haɗa su da ruwansu kuma dole a zubar da abin da ya rage bayan awa 6. Saboda gudun asara, ma'aikaci yakan ƙi buɗe kwalba don yara biyu, ya ce a dawo wani mako. Matar da ta bar daka da girki, ta biya kuɗin babur, aka ce ta koma, ko aka daka mata tsawa a gaban mutane don katinta ya jiƙe ko ya ɓace, da wuya ta sake zuwa. Ba za ta ce ta ƙi rigakafi ba. Za ta ce sai an sami sarari. A 'yan shekarun nan kuma 'yan bindiga sun addabi ƙauyukan Kebbe da na maƙwabtanta a Zamfara, har tafiyar da a da ake yi ba tunani ta zama abin shawara.

Wani lokaci ma ƙin ba na tsoro ba ne, ciniki ne. An sha samun unguwa ko ƙauye sukutum su haɗa baki su ce ba za a ɗiga wa yaransu ba sai an gyara musu rijiyar burtsatse, ko hanya, ko an kawo taki. Sun lura cewa wannan ne abu ɗaya da hukuma ke nema a wurinsu da gaske, har shugaban ƙaramar hukuma yakan taso da kansa in aka ƙi. Dabara ce mai haɗari, domin da lafiyar 'ya'yansu suke caca, amma ta nuna sun fahimci hukuma fiye da yadda ta fahimce su.

Bakin Da Ake Ji

Abin da ya juya al'amarin shan-inna a Arewa ba sabuwar hujjar kimiyya ba ce. Maganin da aka ƙi a 2003 irinsa ne aka karɓa daga baya. Bakin da ke magana ne ya sauya. A Oktoban 2004, a Kano, Shugaba Olusegun Obasanjo ya ɗiga wa ƙaramar 'yar Gwamna Ibrahim Shekarau maganin a bainar jama'a. A 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, aikin ya gangaro daga fada zuwa uwayen ƙasa, zuwa hakimai da masu unguwanni. Daga 2012 asusun UNICEF ya ɗauki dubban mata 'yan sa-kai, kowace a unguwarta, waɗanda suka san mai ciki da maijego, suna kuma shiga har ɗaka. An kuma riƙa tafiya da waɗanda shan-inna ta nakasa. Magidancin da zai yi gardama da ma'aikaci awa guda, yakan yi shiru in mutum ya sauko daga kekensa ya ja jiki ya shigo zaure ya ce shi ba a ɗiga masa ba.

Dalilin wannan a fili yake. Babu manomin da zai iya bincika abin da ke cikin kwalba, kamar yadda malamin makaranta a birni ma ba zai iya ba. Kowa amana yake ɗauka, abin da ya rage shi ne amanar wa. Mutum yakan duba abin da liman ya yi da nasa 'ya'yan, da abin da maƙwabta suka yi, domin ba ya son ya zama shi kaɗai ne ya fita daban, ko ta wajen karɓa ko ta wajen ƙi. Malamai kuma sun taimaka wajen warware batun tawakkali, wanda wasu suka ɗauka yana nufin a naɗe hannu. Sukan kawo labarin Sayyidina Umar, wanda ya kama hanyar Sham, da ya sami labarin annoba ta ɓarke a can sai ya juya da jama'arsa, ya kuma nuna wa masu ganin ya guje wa ƙaddara cewa komawar ita ma ƙaddara ce.

Tilas kuwa ba ta haifar da abin da ake nema ba. An yi zamanin da ake barazanar kama iyaye, ko a zo ƙofar gida da 'yan sanda. Wanda aka matsa wa a gaban iyalinsa yakan ƙara taurin kai, domin maganar ta tashi daga lafiyar yaro ta koma mutuncinsa. Wasu suka riƙa ɓoye yara a rumbu ko a tura su gidan dangi. Wasu suka daidaita da ma'aikata a shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa ba tare da an ɗiga masa kome ba, takarda ta cika, yaro yana nan a buɗe. Su ma ma'aikatan ba a kan gado mai laushi suke ba; a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun harbe mata 9 masu aikin rigakafi a Kano. Abin da ya fi tilas amfani shi ne amsa tambayar nan ta zaure a aikace: aka fara kafa sansanin duba marasa lafiya a lokacin zagaye, ana ba da maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki da gishirin gudawa. A Katsina da Zamfara da Jigawa kuma an gwada ba uwa ɗan kuɗin mota duk sa'ad da ta kawo jariri, binciken da aka yi a kai ya nuna yawan masu zuwa ya ƙaru ƙwarai. Da a ce aƙida ce ta hana waɗannan mata, da 'yan kuɗin babur ba su kawo su ba.

An ga kamu na ƙarshe na asalin ƙwayar shan-inna a Nijeriya a Borno cikin 2016, ranar 25 ga Agusta, 2020 kuma aka tabbatar wa Afirka cewa ta rabu da ita. Sai dai wannan albishir ya zo da nasa ruɗani, domin an ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofofi, magidanci kuma yana da damar tambaya, in an ce ciwo ya ƙare, me ake nema? Amsar ita ce, ƙwayar da aka raunana aka sa cikin ɗigon tana fita ta bayan gida, in ta daɗe tana yawo tsakanin yaran da ba su da rigakafi sai ta sake yin ƙarfi har ta iya shanye gaɓa. Irin wannan ce aka ci gaba da samu a Sakkwato da Zamfara da Kebbi bayan 2020. Ba ta samun wurin zama inda yawancin yara suka sami rigakafi. Bayani ne mai wuyar yi a tsaye a bakin ƙofa, amma ɓoye shi ya fi haɗari, domin ranar da mutum ya ji shi daga wani baki, zai ce dama ya faɗa.

Zamanin korona ya maimaita darasin a gurguje. Talakawa da yawa sun ɗauke ta ciwon manya masu hawa jirgin sama, saƙonnin murya na WhatsApp suka yi aikin da jita-jitar kasuwa ke yi a da, allurar da ta iso a Maris 2021 kuma ba ta sami rububi ba. Da hukuma ta lalata allura fiye da miliyan 1 da wa'adinsu ya ƙare a Disambar wannan shekara, masu zargi suka ƙara samun abin faɗa. Da mashaƙo ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 yana shaƙe yara, sai aka sake ganin layi.

A Disambar 2024 aka fara ba da rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya, Jihar Kebbi, maƙwabciyar Kebbe da Tambuwal, tana ɗaya daga jihohi biyu na farko, ɗayar kuwa Bayelsa. Wannan shi ne ciwon da magidanta suka shekara 20 suna cewa shi ne damuwarsu, babu kuma gidan da bai san shi da damina ba. Allurar ba ta hana zazzaɓi ɗungurungum, rage yawansa da tsananinsa take yi, saboda haka gidan sauro yana nan a matsayinsa. In ba a gaya wa uwa haka tun farko ba, ranar da ɗanta ya yi zazzaɓi bayan allura za ta ce an yaudare ta. Sau 4 ake yin ta, a wata na 5, da na 6, da na 7, sannan ta ƙarshe a wata na 15, lokacin da yaro ya riga ya fara tafiya, uwarsa kuma wataƙila tana ɗauke da wani cikin.